Talatu ta mutu sau ɗari, ba a yi makoki ba

A ɗakina akwai wata jaririya da nake ajiyewa cikin jaka a saman sif. Ba ta kuka sai na sa ta, ba ta neman nono, kuma ta mutu a hannun 'yan mata sun fi ɗari ba wanda ya zo gaisuwa. Ta roba ce. Ranar Talata ta shigo hannuna, shi ya sa ɗalibai suka raɗa mata Talatu. In za a yi aiki da ita sai a ɗura mata ruwan ɗumi kamar lita 2, ta yi nauyi, wuyanta ya langaɓe irin na jaririn da ya faɗo yanzu. Ka ɗora mata murfin hanci da baki, ka matsa jakar hura iska yadda ya kamata, ƙirjinta ya ɗaga. Ka kuskure ko da ƙanƙani, ba za ta motsa ba, ko kai ɗan wane ne, ko kai ka zo na ɗaya a aji.

Ni ungozomar asibiti ce, haifaffiyar Kankia, tsakanin ƙauyukan Kankia da na Kusada na ƙare shekarun aikina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ƙanena ya yaɓa min kwanan baya, da ya tarar da ni ina shanya Talatu a tsakar gida. Malamin makaranta ne, ba jahili ba. Ya ce, “Yaya, da girmanki kike wasan 'yar tsana? Wai da wannan ake koya wa likitocinmu aiki? To, Allah ya kyauta.” Na yi dariya na ba shi ruwa. Amma maganar ta kwana da ni, don na san ba shi kaɗai ke ganin haka ba. Akwai iyaye masu biya wa 'ya'yansu kuɗin karatun likita da jinya da suke ganin mutum-mutumin roba wasa ne, akwai ma manyan ma'aikata masu cewa su a zamaninsu a kan mutum suka koya, kuma ga su nan sun ƙware.

Ni ma a kan mutum na koya. Bari in faɗi ko wane mutum ne.

Shekarata ta farko a bakin aiki, a wani ƙaramin asibitin ƙauye da ba zan kama sunansa ba, aka kawo wata yarinya cikin dare a amalanke. Haihuwar fari ce, ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Damina ce, ba wuta, uwar mijinta ce ta riƙe min fitilar ƙwai. Ta haifi namiji, sai dai shiru. Jiki a sake, ba kuka, ba motsi. Na goge shi da zane, na murza bayansa, shiru. A kabad akwai jakar hura iska, wadda ma'aikata ke kira ambu. Na san sunan kowane sashe nata da Turanci, na taɓa zana ta a takardar jarrabawa har na ci maki. Abin da ban taɓa yi ba shi ne riƙe ta a kan fuska. Na ɗora, na yi ta matsawa ina ƙirge a zuci kamar yadda littafi ya ce, tsohuwa na gefe tana salati. Na fi minti 10 a haka. Can sai ta dafa kafaɗata ta ce, “'Yar nan, bar shi haka nan. Bai zo da kwana ba.” Ita da aka yi wa rashin jika, ita ta lallashe ni.

Shekaru da yawa bayan nan aka kira mu wani horo a Katsina, a nan na fara ganin irin su Talatu. Da layi ya zo kaina na ɗauki jaka da gadarar tsohuwar ma'aikaciya, na matsa, ƙirjin roba ko gezau. Na sake, ko gezau. Mai koyarwar yarinya ce sa'ar 'yata. Ta matso a hankali ta ce, “Mama, ɗan ɗago haɓar kaɗan, sai ki danne gefen murfin da yatsa biyu, iskar ta kunci take fita.” Na gyara, na matsa, ƙirji ya ɗaga. Na ajiye jakar na fita waje na zauna a bakin baranda. Rai na Allah ne, kuma yaron ya sha wuya tun a ciki, ban ce da zai rayu ba. Amma ranar na gane cewa iskar da na yi minti 10 ina hurawa a wancan dare ba ta shiga huhunsa ba. Gyaran da aka yi min bai ɗauki daƙiƙa 5 ba, ya zo ne a makare da shekaru.

Hannu yana da nasa karatun daban da na ka. Kowane mai sana'a a garin nan ya san haka. Ka shiga shagon tela a kasuwar Kankia, yaron da aka kawo jiya takardar buhun siminti ake ba shi ya yi ta bi da keke har layinsa ya miƙe, ba wanda zai miƙa masa shaddar ango. Mai koyon tuƙi filin idi ake kai shi ranar da ba kowa, ba a fara sakinsa a titin Kano zuwa Katsina tsakanin tireloli. To me ya sa jijiyar yaro mai gudawa, ko mahaifar matar da jini ya ɓalle mata, za ta zama takardar simintin wani?

Kuma a kan wa ake koyon? Mu daina ɓoye-ɓoye. Mai hali ba ya barin ɗalibi ya taɓa shi, babban likita yake nema da suna. Wadda ake koyon sa kanula a hannunta ita ce matar da ta zo daga Kafin Soli ko Mawashi da kuɗin mota na aro, wadda ba ta san bambancin farar rigar ɗalibi da ta likita ba, ba ta kuma san tana da ikon cewa a'a ba. A huda ta sau huɗu, ta cije leɓe ta ce, “Sannu likita.” Ban ce a raba ɗalibai da marasa lafiya ba, ba a yin likita a haka. Cewa nake hudar farko da ta goma da ta ashirin, waɗanda kowa ya san cike suke da kuskure, a yi su a kan hannun roba.

Akwai ɗaya gefen kuma, wanda ya fi shafar ƙasarmu. Matanmu suna da kunya, mazansu suna da kishi, kuma addini ya ba mace haƙƙin suturta jikinta. Mace mai naƙuda ta ce ba ta yarda ɗalibi namiji ya duba ta ba, gaskiyarta ce. Ta ce ba ta son mutum 15 su zagaye gadonta, gaskiyarta ce. Sakamakon shi ne ɗalibi na iya gama zagayen ɗakin haihuwa daga bayan labule, ya ga abu sau biyu ta saman kafaɗar wani, a sa masa hannu a littafi. Abubuwan da suka fi kisa ma ba kullum suke zuwa ba. Jaririn da ya zo ta ƙafa, ko wanda kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ɗaliba na iya yin wata 3 ba ta ga ko ɗaya ba. In ma ya zo, ba lokacin darasi ba ne, ture ta za a yi gefe. Ranar da za ta fara cin karo da shi da hannunta, wataƙila ita kaɗai ce a asibitin, ƙarfe 2 na dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan dabara ba sabon yayi ba ce. A shekarar 1759 Sarkin Faransa Luwis na 15 ya ba wata ungozoma mai suna Angélique du Coudray izinin zagaya ƙasar ta koya wa matan ƙauye karɓar haihuwa, saboda yawan mutuwar jarirai. Yawancin ɗalibanta ba su iya karatu ba. Sai ta ɗinka ƙugun mace da yadi da fata, ta cusa masa abin cikawa, ta ɗinka jariri har da igiyar cibiya, ta yi sama da shekara 20 tana yawo da shi gari-gari. Har yau akwai guda a gidan tarihi na birnin Rouen. Duk lokacin da na ga hotonsa sai in ce wannan ai telan unguwarmu zai iya. Mutum-mutumin da duniya ta fi sani kuwa, Resusci Anne, wanda ake koyon danna ƙirji da hura numfashi a kansa, a 1960 ya fito, kuma wanda ya ƙera shi, Asmund Laerdal na garin Stavanger a ƙasar Nowe, sana'arsa ta asali ƙera 'yan tsana da kayan wasan yara. Ashe ƙanena bai yi ƙarya ba, daga 'yar tsana abin ya samo asali. Daga gidan Laerdal ɗin nan Talatu ta fito, sunanta na yanka NeoNatalie.

Ita an yi ta ne don irin ƙasashenmu. A 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da abokan aikinta suka ƙaddamar da wani shiri na koyar da taimakon jaririn da ya zo bai numfasa ba. Ginshiƙinsa minti ɗaya na farko bayan haihuwa: a goge jariri, a ɗumama shi, a motsa shi, in bai numfasa ba a fara hura masa iska kafin mintin ya cika. Da aka gwada a asibitoci 8 na Tanzaniya, rahoton da ya fito a 2013 ya nuna mutuwar jarirai a awa 24 na farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. Ba a kai musu injin miliyoyi ba. Jaririyar roba ce da jakar iska.

Sai dai akwai wani darasi daga can Tanzaniyar da ya fi wannan adadi muhimmanci a wurina. A asibitin Haydom, masu bincike sun ga cewa horon kwana ɗaya ya sa ma'aikata sun iya aiki a kan roba, amma a ɗakin haihuwa ba abin da ya sauya. Sai da aka ajiye jaririyar a cikin ɗakin haihuwar, kowa ya riƙa ɗaukarta na 'yan mintoci a kai a kai, sannan mutuwar ta sauka. Hannu na mantuwa. Abin da ka koya a otal ranar taron bita, ka karɓi kuɗin zama da jaka mai tambari, bayan 'yan watanni ya bi iska.

A nan takaicina yake. An taɓa gayyatata duba jarrabawar aiki a wata makaranta, ba zan faɗi ko jiharta ba. Na nemi a nuna min ɗakin gwaji. Aka yi ta neman mai makulli, ya tafi kasuwa. Da aka buɗe, ga mutum-mutumi nan a kwance kan gado, an lulluɓe shi da farin ƙyalle kamar gawa, wasu ma ba a cire su daga leda ba. Na tambayi wata ɗaliba sau nawa ta taɓa shi, ta sunkuyar da kai ta ce, “Mama, ai ba a bari, wai kada ya lalace kafin masu tantancewa su zo.” Na ce ikon Allah. An sayi tabarma an hana shimfiɗawa don kada ta tsufa. A wurina mutum-mutumin da hannunsa ya cika da hudar allura, fatarsa ta koɗe, an ɗaure wuyansa da filasta, shi ne ya biya kuɗinsa. Masu tantance makarantu da sun ji tawa, da sun daina ƙirga guda nawa ne a ɗaki, su riƙa duba tsufansu, su kira ɗalibi ɗaya da ka su ce nuna mana.

Zancen zubar jini ma haka yake, a kan roba ya kamata a fara koyonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa a Najeriya suke, kuma zubar jini bayan haihuwa na sahun gaba a masu kisa. Mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan jinin haihuwa ido bai san kima ba. Akwai wata jaka da malama ke ɗaurawa a ciki, MamaNatalie, ta kwanta ta zama mai naƙuda, jariri ya fito, mabiyiya ta biyo, sannan ta saki jan ruwa ta riƙa sassauta mahaifar roba. Ɗaliba ta lalubi mahaifa ta murza har ta ji ta yi tauri, ta kira taimako, ta ce a kawo allura. Nakan zuba jan ruwa a zane in ce su faɗi yawansa. Kusan kullum ƙasa suke faɗa, wani lokaci rabi. Wannan matsala ce binciken da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a ɓangaren Najeriya ya tunkara. An yi shi a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, aka buga sakamakon a 2023. An shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego don a daina kintace, aka ce da zarar jini ya kai iyaka a ba da magungunan gaba ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Munanan sakamakon zubar jini suka ragu da kashi 60 cikin 100. Ma'aikatan kuwa a cikin asibitocinsu aka horar da su, ta hanyar kwaikwayon lamarin kafin ya zo da gaske.

Wani zai ce ai wannan zancen manyan asibitocin koyarwa ne, Shika da Malam Aminu Kano da na Katsina. Ɗaliban likita suna bukata, ƙwarai kuwa. Amma matar Kusada ba likita take fara gani ba. Wanda take tararwa a asibitin ƙauye ma'aikacin lafiyar al'umma ne, irin waɗanda makarantun koyon aikin lafiya na Kankia da Daura ke yayewa, in ta yi sa'a ta sami ungozoma daga makarantar Malumfashi. Tun 2014 gwamnatin tarayya ta amince da tsarin raba ayyuka da ya ba waɗannan ma'aikata, in an horar da su, damar yin wasu ayyukan da a da sai ungozoma ko likita, har da karɓar haihuwa. An ɗora musu kaya, to a ba su gammo. Mu da muke da irin wannan makaranta a cikin garinmu, mu ya fi kamata mu damu da abin da hannun ɗalibanta ke taɓawa, attajiranmu da ƙungiyoyin ci gaban gari da ɗan majalisar da ke wakiltar Kankia da Ingawa da Kusada.

In za a saya, ina roƙon kada a ruɗu da na kwamfuta mai ƙifta ido da nishi, wanda ake yanke ƙyalle a kansa a ɗauki hoto. Yana da amfaninsa a babban asibitin koyarwa. A nan kuwa wuta ba ta tsayawa, ƙurar hunturu na shiga ko'ina, zafin bazara na cin roba, in wani ɗan abu ya lalace sai an aika ƙasar waje. Kuɗin guda ɗaya zai sayi irin su Talatu masu yawa, da hannuwan koyon allura, da ƙugun koyon haihuwa, a raba har asibitocin ƙauye. Sauran ma a gida za a haɗa. Mun koyi allura a kan lemo. Ɗinkin ƙari ana koyonsa a kan soson katifa, wanda ya fi kama da gaske kuma harshen saniya ne, mahautan garin nan ba su rasa shi.

Akwai masu ɗari-ɗari ta fuskar addini, suna cewa siffar mutum ce, gunki ne. Ni ba malama ba ce, don haka na kai tambayar zauren malamin unguwarmu. Ya tuna min hadisin da ke cikin Bukhari, inda Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin wasanta da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ya ce Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa Alƙali Iyal, mai Ashafa ɗin nan da ake karantawa a zaurukanmu, ya tafi a kan halaccin 'yan tsana ga yara mata, ya kuma jingina hakan ga mafi yawan malamai, dalilin kuwa don su saba da reno tun suna ƙanana. Ya ce, “Hajiya, in an yi rangwame don koyon goyo, ina ga koyon ceton rai?” Wanda bai gamsu ba ya tambayi nasa malamin, amma ya kai tambayar yadda take, kada ya ce gunki aka ajiye a makaranta.

Inda nake ba masu suka gaskiya shi ne roba roba ce. Jijiyar hannun roba a fili take, kullum a wuri ɗaya. Ta yaron da amai da gudawa suka tsotse ta ɓace, yana fizge-fizge, uwarsa na kuka a kanka. Talatu ba ta da kaka mai cewa a ba ta ruwan rubutu tukuna, ba ta da uban da ya ƙi sa hannu a tura su Kankia cikin dare. Na ga ɗalibar da ta ƙware a kan roba har tana yanga, ranar da ta ga jinin gaske ƙafarta ta ɗau rawa. Akwai kuma mugun hali da roba ke iya koyarwa in malami bai kula ba: a ɗaga zane ba sallama, a juya mutum kamar buhu, a yi ta hira a kansa. Shi ya sa nake tilasta musu su gaishe ta, su nemi izinin uwarta, su rufe abin da ba a aiki a kansa. Suna dariya, ina cewa a sake daga farko. Amma ita waccan mai rawar ƙafa, da na lura, hannunta bai tsaya ba. Bakinta na karkarwa, hannun na murza mahaifa daidai inda ya kamata, don ya yi hakan sau talatin kafin ranar. Ni a nawa daren ƙafata ba ta yi rawa ba, hannun ne bai san komai ba.

Yanzu duk ranar Alhamis 'yan matan unguwa da ke karatun lafiya sukan zo gidana bayan la'asar. In shimfiɗa tabarma, in dafa ruwa in sirka, mu ɗura wa Talatu. Ni nake riƙe da 'yar robar da ke sa cibiyarta bugawa, agogo na hannun ɗaya daga cikinsu. Makon jiya ƙanena ya sake shigowa ya same mu a haka, ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallo. Na ce, “Malam, zo ka gwada.” Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya matsa sau shida ƙirji bai ɗaga ba, yaran suna ta ƙunshe dariya. Ƙaramarsu, 'yar aji ɗaya, ta ce, “Kawu, ɗago haɓar.”